Kawu da Kibiyoyin Rabon Ruwa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu isa. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ranar da na ajiye jakar makaranta na ce ba ni komawa, kuma a hannunsa na koyi abu ɗaya tilo da zan iya bugun ƙirji in ce na iya. Ni ba marubuci ba ne, aji uku na tsaya. Amma in ban rubuta ba, nan gaba kaɗan sai dai a ce "wani tsoho mai kwamfuta a bayan tasha," shi ke nan an gama da shi. Ban yarda ba.

Abin da ya tsaya mani a rai a zaman makoki shi ne baƙin fuskoki. Dangi sun zo, abokan aikinsa na da sun zo, wannan an sani. Amma sai ga mutane ana ta sauke su a babur, ƙafa duk laka, suna tambaya, "Nan ne gidan mai shafi?" Wani manomin albasa daga Bakura ya yi gaisuwa mai tsawo, ya shafa fatiha, sannan ya ce a nuna masa hoton mamacin. Da ya gani sai ya riƙe baki.

"Ashe dattijo na! Wallahi duk zatona yaro na ɗan jami'a."

Wani malami daga Faru, wanda ke sa karatu a shafin, ya ce, "Shekara da shekaru ina rubutu wurinsa, da Larabcin da komai, ko ɗigo ya ɓaci sai ya gyara mani. Allah shi saka mai." A cikin gida kuma Hajiya, matar Kawu, tana ba mata labari: "Ranar da za mu kai shi asibiti, mota na jira a ƙofa, sai da ya ce a tsaya ya kashe injin yadda ya kamata. Wai ba a fizge wa abu wuta yana tsakiyar magana." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Akwai kuma Baba mai rabon ruwa, tsohon da ke faɗin layin gonakin da zai fara shan ruwa a noman rani. Tun safe yake zaune da carbinsa. Da zai tashi sai ya kama wuyan hannuna.

"Ɗana, Allah shi ba mu haƙuri. Amma kibiyoyina sun lalace."

Na kusa da mu sunka kalle shi kamar tsufa ya fara taɓa shi. Ni kuwa na gane. Bari in ba ku labarin Kawu, ku ma za ku gane.

Kawu akawu ne, tafireta ya buga har ya yi ritaya. Sa'o'insa sunka koma benci da rediyo, shi kuwa ya kwaso wata tsohuwar kwamfuta ya buɗe shago a bayan tashar Talata Mafara. Bai jin kunyar tambayar yaro. Yana bugu da yatsu goma ba ya kallo, da ƙarfi kamar har yanzu tafireta ce a gabansa, yana karanta abin da yake bugawa a fili, ko da wasiƙar sirrin wani ce sai mai ita ya ce, "Haba Baba, a hankali." Yana da 'yar wuƙar yanka goro mai kuben fata, kullum tana aljihun gaba. Ni kuma ba ya kirana da sunana sai "Sarkin yawo," don kafin in zauna a shagonsa na yi cajin waya, na yi kabu-kabu, na yi dakon shinkafa, ba wanda na daɗe a ciki.

Shafin da ake magana, shi ya gina shi da hannunsa don manoman rani masu shan ruwan dam ɗin Bakolori a ɓangarenmu. Kowa na iya shiga da wayarsa, ya rubuta sanarwa a cikin wani akwati, ya danna, kowa ya gani. Injin ban ruwa ya lalace, saniya ta ɓata, tsutsa ta shiga tumatir, hanyar Maradun lahiya ko a dakata. In abu ya canza, mai sanarwa ya sake buɗe akwatin ya gyara. Na taɓa ce masa, mi ya sa ba za a yi guruf a waya kamar kowa ba? Ya ce, "A guruf, ka sa maganar ruwa da safe, kafin azahar barka da Juma'a ta binne ta. Nan kuwa sanarwa na nan inda ka aje ta."

Ya kuma ba mutane dama su yi wa rubutunsu ado. In kana son kalma ta yi kauri, sai ka sa ta tsakanin wasu alamomi. To nan wahalar take. Alamar nan < da 'yar'uwarta >, Kawu kibiya yake ce masu. Wannan kuma & yana ce mata ƙulli. Ranar da ya fara koya mani, ya zaro wuƙar goronsa ya aje a tebur.

"Sarkin yawo, kai in ka ga kibiya, kibiya ka gani. Inji in ya ga kibiya, ɗauka yake umarni za a ba shi. Sai ya miƙe tsaye, ya haɗiye duk abin da ya biyo baya. In mai rubutun mugu na, sai ya ba injin umarnin da ya ga dama."

"To a hana su sa ta mana."

"Wuƙar ga tana yanka. In zubar da ita?" Ya maida ta kube ya miƙo mani. "Riƙe. Ta yanke ka?"

Kuben kibiya, a wurin inji, wasu 'yan haruffa ne. A maimakon < sai a ba shi &lt; shi kuma ya nuna wa mai karatu kibiya lafiyayya ba tare da ya ɗauke ta umarni ba. Ƙulli ma yana da nasa kuben. Dokar Kawu ba ta da tsawo, kuma na ji ta har na gaji: abin da mutum ya rubuta, a zuba shi a rumbu, wato ma'ajiyar injin, yadda ya kawo shi, kar a taɓa. In za a fito da shi, ko a allo ko a akwatin gyara, a bakin ƙofa ake sa kube. Kuma sau ɗaya. In ba ka sa ba, rubutu ya tsallake akwati ya yi ɓarna. In ka sa kube a kan kube, mai rubutu ya buɗe kayansa ya tarar da shara.

Ba ya yarda aiki ya gama sai ya gwada shi da mugunta. Zai cika akwati da kibiyoyi da ƙulli da Larabci, ya adana, ya buɗe, ya adana, ya buɗe, yana cin goro. Ni ina tsaye ƙafa na ƙaiƙayi. "Kawu ai ya yi!" Ya ce, "In bai ƙaru ba, bai ragu ba, sannan ya yi." Lokacin da malamin Faru ya yi kukan cewa karatunsa na rikicewa in ya gyara, Kawu bai tsaya tambaya a waya ba. Da damina ne, ya sa na ɗauke shi a babur, munka yi ta tura shi a laka, don kawai ya zauna kusa da malam ya ga yadda yatsunsa ke yi.

Faɗanmu ɗaya da shi, kuma babba ne. Wani yaro ɗan Bakura, mai ƙiriniya, ya gano wata kafa. Ya rubuta umarni a cikin sanarwa, sai ga hoton jaki ya cika shafin, duk wanda ya buɗe jaki ke kallonsa. A tasha anka yi ta yi mana dariya. Wani direba ya leƙo shago ya ce wa Kawu, "Baba, jakin naku na haya ne?" Raina ya ɓaci. Na ce wa Kawu a kori yaron, kuma daga yau duk kibiya da ƙulli a wanke su tun daga bakin ƙofa, kowa ya huta.

Sai ya buɗe sanarwar Baba mai rabon ruwa. Ga abin da ke ciki:

yamma<tsakiya<gabas

"Karanta," in ji shi.

"Yamma, tsakiya, gabas."

"Wa zai fara sha?"

"Yamma mana."

"Ka haɗa faɗa, Sarkin yawo. Gabas za ta fara."

Baba karatun allo ya yi, bokon da ya iya daga baya ya tsince shi. Hannunsa na rubuta haruffan boko, amma idonsa daga dama yake farawa. In zai jera layuka, na farko yake sawa a dama, kibiya ta nuna inda ruwa zai bi. Manoma sun san haka, kibiyar suke bi. Ka cire ta, yaron da ke karanta wa ubansa zai fara daga hagu.

Na ce, "To a koya wa Baba ya rubuta daidai."

Nan na ga ɓacin ran Kawu, wanda ban cika gani ba. Ya ce, "Mutumin ga yana rabon ruwa tun uwarka na goye. Ba a taɓa zub da jini a kan rabonsa ba. Shi za ka maida makaranta don ka ji sauƙin aiki? Injin za ka koya wa. Aikinka ke nan. In ba ka iyawa, ga ƙofa."

Ni kuwa ba a nuna mani ƙofa sau biyu. Na ɗauki babur na koma kabu-kabu tsakanin Mafara da Maradun. Har yau ina ganin yaron nan ya cancanci ko da jan kunne ne. Kawu kuwa mota ya shiga har Bakura, ya nemi gidansu. Uban yaron ya fito a tsorace, ya ɗauka ƙara anka kawo. Kawu ya ce godiya ya zo yi, yaron ya nuna masa ramin da bai gani ba. Ya zaunar da yaron ya ce, "Nuna mani yadda ka yi." Sunka toshe kafar tare. Da labari ya iso mani a tasha cewa ɗan Bakura na zama a kujerata ran kasuwa, ban san lokacin da na juya babur ba. Na shiga shago, Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Sarkin yawo, janareto na son mai." Shi ke nan sulhun.

A shekararsa ta ƙarshe ya fara sabunta shafin don ya zauna daidai a ƙananan wayoyi, saboda tsofaffi na kukan rubutu ya yi ƙanana. Ya kai aikin kusan ƙarshe, ya ɗora sabon, sai ciwo ya kwantar da shi. A asibiti ya ce mani, "Akwatin gyara ban gwada shi ba." Na ce Kawu bar maganar akwati, ka samu lahiya tukuna. Ya kalle ni kamar na faɗi shirme. Bai sake komawa shago ba.

Shi ya sa da Baba ya ce kibiyoyinsa sun lalace na san inda matsalar take. Na buɗe wayata a nan bakin tabarma. An kusa sakin ruwan rani, Baba ya shiga ya gyara sanarwarsa, ga abin da ya fito:

yamma&lt;tsakiya&lt;gabas

Da ya ga haka ya sake shiga don ya gyara, abin ya ƙara tsawo, kube a kan kube, har ba ka gane komai sai sunayen layuka a cikin shara. Kibiya ko ɗaya babu.

Washegari abin ya fito fili. Samarin layin yamma sun karanta daga hagu, sunka ce su ne farko, sunka fara cire irin albasa don dashe. Mutanen gabas kuma sun san su ne farko. Anka haɗu a bakin ƙofar ruwa, kowa da fartanya a hannu, murya ta fara tashi. Baba ya je da kansa ya tsaya a tsakiya ya raba su da baki. Amma ya aiko mani cewa shi ba zai iya zagaya kowane layi da ƙafa ba duk lokacin da rabo ya canza, kuma rabo yana canzawa. In shafi ba zai riƙe maganarsa ba, gara a faɗa wa mutane su daina dubawa.

Babban ɗan Kawu, taubashina, wanda ke aiki a Gusau, ya kira ni zaure. Mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne.

"Kai Sarkin yawo, zauna. Shafin ga Babanmu ne ke riƙe da shi, shi kuma ya tafi. In anka yi rauni a bakin ruwa, sunansa za a kira. Gara mu rufe shi da mutuncinsa."

"Ba a rufewa, Yaya."

"Wa zai riƙe? Kai? Kai da ko kwanon tuwo ba ka gamawa a zaune?"

"Ni."

"In kuma damina ta yi ka ji iskar Legas na kiranka?"

"Ka ba ni zuwa sakin ruwa. In Baba mai rabon ruwa ya gyara sanarwa da hannunsa kibiya ta motsa, ni zan rufe da kaina in kawo maka makulli."

Sannan ya sa hannu a aljihu ya jefo mani makullin shagon. Tare da shi akwai wuƙar goro. Ya ce, "Hajiya ta ce a ba ka. Ni ban ga abin da za ka yanka da ita ba."

Na buɗe shago da hantsi. Kujerarsa na nan da matashin da ya lotsa. Ban zauna a kai ba, na jawo benci. Na buɗe cikin aikin na ga layuka kamar tururuwa, rabin Turancin ban sani ba. Gaskiya hanya mai sauƙi ta zo mani a rai: layi guda zan rubuta, duk kibiya ta mutu, shara ta ɓace, shafi ya yi fes. Ba wanda zai sani sai Baba. Na tashi na zagaya tasha na dawo. Sannan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na kira ɗan Bakura.

Ya zo yana murmushi, yanzu har da gemu. "A'a, manya! Yau jaki ake nema?"

"Zauna, malam, ba wasa na kira ka ba."

Munka bi rubutun Baba tun daga inda yake shiga har inda yake fita, kamar masu bin hanyar ruwa suna neman inda ta fashe. Ɗan Bakura ya fi ni Turanci, ni na fi shi sanin hannun Kawu. Wuni munka yi ba mu gani ba. Kashegari sai ga shi: sabon shafin yana sa kube tun kafin a zuba rubutu a rumbu, sannan tsohon aikin Kawu ya sake sa wani a bakin ƙofa. Duk gyara ɗaya, kube ɗaya ya ƙaru. Ɗan Bakura ya ce mu cire na bakin ƙofa, ya fi kusa. Na ce a'a. A rumbu yadda aka kawo, a ƙofa ake sa kube. Na ji muryata ta fito kamar ba tawa ba. Munka cire na rumbu. Munka bi sanarwowin da sunka riga sunka lalace ɗaya bayan ɗaya muna zare masu abin da ya taru, muna kiran masu su a waya su tabbatar haka sunka rubuta. Sannan na ce wa ɗan Bakura ya yi iya muguntarsa. Ya yi ta jefa umarni, shafi na nuna su a matsayin rubutu kawai, ko motsi. Jaki bai fito ba.

Na cika akwati da kibiyoyi da ƙulli da Larabcin malamin Faru. Na adana, na buɗe. Na adana, na buɗe. Ɗan Bakura ya ce, "Haba, ai ya yi!" Ban kula shi ba.

Ana gobe sakin ruwa na ɗauki Yaya a babur munka tafi gonar Baba. Munka same shi a gindin mangwaro. Bayan gaisuwa, da tambayar gida, da gajiya, da haƙurin rashi, na ce ya buɗe sanarwarsa ya gyara da hannunsa. Ya fiddo waya daga cikin leda, ya nisanta ta da ido, yana dannawa da yatsa ɗaya. Ya canza rabon, ya adana. Kibiyoyi sunka tsaya cak. Ya sake buɗewa ya rufe, don shi ma bai yarda da sau ɗaya ba. Suna nan.

Bai ce madalla ba. Ya ce, "Akwai wurin da ake rubuta gaisuwar mamaci?" Na nuna masa. Ya daɗe yana dannawa, sannan ya miƙo wa Yaya wayar.

Aljanna<kabari<Mafara

Yaya ya fara karantawa daga hagu, ya tsaya, ya koma dama. Baba ya karɓe wayar ya ce, "Dakata, na yi mantuwa. Ba a yanke wa Allah hukunci." Ya buɗe akwatin gyara ya ƙara "in Allah ya so" a ƙarshe, ya adana. Ba abin da ya ƙaru sai abin da ya ƙara, ba abin da ya ragu.

A hanyar dawowa na zaro makulli na miƙa wa Yaya ta baya, don in ji mi zai ce. Ya buge mani hannu. "Kalli gabanka, kar ka zubar da mu."

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa, ka karɓe shi da rahamarka, ka sa ruwan da ya bi layinsa lahiya ya zama shaida gare shi. Wanga rubutu a shafinsa na sa shi, a akwatin da bai samu gwadawa ba. Na gwada maka, Kawu. Shago kuma a buɗe yake, duk mai neman Sarkin yawo ya zo bayan tasha, zai same ni a zaune.